Kafin ka sayi filin ɗaure doki a kewayen Maraɗi

Assalamu alaikum, masu kallonmu. Yau zancen dawaki ne, amma ba za mu taɓo sirdi da linzami ba. Ƙasar da dokin zai tsaya a kanta muka zo dubawa.

Duk wanda ya tashi a Maraɗi ya san doki ba baƙo ba ne a garin nan. Sarautar Katsinawa da ta baro Birnin Katsina bayan jihadi ta zo ta zauna a nan wajen 1819, zamanin Ɗan Kasawa, kuma a bayan doki ta zo. Gobirawan Tibiri ma haka. Shi ya sa har gobe, in aka sauko Idi, za ka ga gari ya cika da akawal da kili da danda, matasa na sukuwa, 'yan kallo na ihu. A Kano kuwa, hawan Salla ya kai ga UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a watan Disamba na 2024. Sha'awar tana nan daram. Abin da ya canza shi ne wurin ɗaurewa. Da, a zauren gida ko a bayan ɗaki ake kafa turke. Yanzu gida ya matse, an zuba siminti, maƙwabci na kukan ƙuda, saboda haka mai hali sai ya fara tunanin sayen fili a bakin gari.

To a nan mutane da yawa ke zamewa, don suna duba filin doki da idon mai neman filin gina gida. Mai gini yana son kusa da gudro, kusa da wuta, kusa da kasuwa. Doki bai damu da ko ɗaya cikin waɗannan ba. Hawan Salla kwana nawa ne a shekara? Sauran kwanakin duka yana turke, yana ci, yana sha, yana fitsari a kan wannan ƙasar. Filin waɗannan kwanakin za ka saya.

Mu fara da ƙasar kanta. Manomin Maraɗi ya san iri uku: jigawa, geza da fadama. Fadamar Gulbi ita ce ke ɗauke hankali, don tana da kore, ruwa na kusa, ga inuwar mangwaro. In dillali ya kai ka can a watan Janairu, za ka ce ka samu. Ka roƙe shi ya sake kai ka a watan Agusta. Kada mu manta, tsohon garin Maraɗi a cikin kwarin nan yake, kuma ambaliyar 1945 ce ta tashe shi aka dawo bisa tudu. Damunar 2024 ma ta tuna mana cewa ruwa bai manta hanyarsa ba. Ko da ruwan bai ci maka katanga ba, dokin da ke tsaye cikin laka mako da mako kofatonsa yakan yi laushi ya ruɓe, kuma inda dausayi yake nan sauro da ƙananan ƙwari masu cizo suke taruwa. Irin waɗannan ƙwarin ne ke yaɗa annobar nan ta dawakin Afirka da ke kama huhu, wadda kan kashe doki cikin 'yan kwanaki.

Geza tana da tauri, ruwa ba ya shigarta da sauri, sai ya kwanta a kai ko ya zaizaye. Ni a ganina jigawa mai ɗan tudu ta fi, don tana shanye ruwa da fitsari, tana da taushi ga ƙafa, doki na samun inda zai yi birgima. Sai dai ita ma tana da nata sharrin. In ana zuba wa doki harawa da dusa a ƙasa, yana haɗiye rairayi kaɗan-kaɗan, ya taru a hanji, wata rana ka iske shi yana murƙususu da ciwon ciki. Maganin abin mai sauƙi ne, a yi masa kwami ko a yanka rabin tano a riƙa zuba masa a ciki, amma sai ka san da matsalar tun kafin ka gina murin.

In ka iske gawo a filin, ka gode wa Allah, kuma kada ka bari magini ya sa masa gatari. Gawo yana kaɗe ganye da damina, ya yi lif da rani, wato daidai lokacin da dabba ke neman inuwa. Manoman jihar nan sun fi kowa sanin darajarsa, tun da a nan ne aikin renon tsiron itace a gonaki ya kankama a farkon shekarun 1980 har labarinsa ya zagaya duniya. Akasin haka, in ka ga zurman ko tumfafiya a gefen shinge, a tuge. 'Ya'yan zurman guba ne mai tsanani ga doki.

Sai ruwa. Wannan shi ne ke raba filin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba. Doki ɗaya yana shan lita 30 zuwa 50 a yini, kuma a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura maki 40, yakan wuce haka. Ga wanka, ga wanke kwami. In kana da ingarma da goɗiya da duƙushi, ka lissafa jarka nawa ke nan kowace safiya. Wanda ya ce zai riƙa sayen ruwan amalanke, to ya sani ya ɗaura wa kansa harajin da ba ya yankewa. Ka tambayi maƙwabtan filin gaba nawa rijiyarsu take, kuma tana ƙafewa da bazara ko ba ta ƙafewa. A kwarin Gulbi ruwa na kusa, a kan tudu kuwa sai an yi nisa, kuɗin foraj ma ya bambanta ke nan. In an haƙa, a ɗebi ruwan a kai a auna. Mutanen Tibiri ba su manta da abin da ruwan wani foraj mai yawan sinadarin fuluwo ya yi wa haƙora da ƙasusuwan yaransu a shekarun baya ba. Ruwan da dokinka zai sha, shi yaron da ke kula da shi zai sha, shi da iyalinsa.

Batun girman fili kuma, kada kowa ya ruɗe ka da lissafin ƙasashen da ciyawa ke kore kusan duk shekara. Mu nan ruwan sama kusan milimita 500 ne, daga Yuni zuwa Satumba, sauran wata takwas ƙasa a bushe take. Dokinmu da harawa yake rayuwa, ta wake da ta gyaɗa, sai dawa ko gero, da dusa, da 'yar kanwa. Doki na cin busasshen abinci kusan kashi 2 cikin 100 na nauyinsa kullum. Mai kilo 350 zai ci wajen kilo 7. Ka buga a kan wata takwas, ya haura tan ɗaya da rabi, na doki guda. Ke nan abin da kake buƙata a filin shi ne rumbu ko rumfa mai tsayi da gara da ruwa ba za su taɓa ba, inda za ka jibge harawar da ka saya da kaka tana araha. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya jira sai Mayu ya je kasuwa neman dami ya san yadda farashin ke cizo. In filin ya kai hekta guda, ka noma wake a rabi, ka samu na tuwo ka samu na doki. Farsel ɗin mita 20 a kan 20 zai ɗauki doki ɗaya ko biyu a turke, amma ba zai ba su wurin motsa jiki ba, dole kullum a fita da su.

Fitar kuwa ta ina? Ka tsaya a ƙofar filin ka duba. In sai ka bi gudron da ke zuwa Ɗan Isa, tsakanin tireloli da 'yan kabu-kabu, kafin ka kai inda za ka saki linzami, wannan wahala ce da kasada. Ka nemi wurin da hanyar rairayi ke fita daji, kuma wanda za a iya kai dokin zuwa fada ko filin sukuwa da ƙafarsa ba tare da ya gaji tun kafin hawa ba. Haka nan ka yi tunanin dare. Kowa ya san halin da wasu ƙauyukan kan iyaka ta wajen Madarunfa da Gidan Rumji suka shiga na satar dabbobi. Fili mai araha a inda ba mai jin ihunka, tsada ne da shi.

Yanzu mu zo kan takarda, inda nake so ku ba ni kunnuwanku sosai, don a nan ake asarar da ta fi ta mutuwar doki. Yawancin filayen da ke kewayen gari, ta Jiratawa, ta Safo, ta hanyar Tibiri, gonakin gado ne. Mutum ɗaya zai zo ya ce gonar babansa ce, kuma gaskiya ya faɗa, amma baban ya bar 'ya'ya goma sha, har da mata da ke gidajen aure, da wanda ke ci-rani a Kano ko Libiya. In ba a raba gadon ba, ko ba su yarda duka ba, ka sayi shari'a. Wata gonar kuma jingina ce ko aro a hannun wanda ke nomanta, shekara da shekaru, har mutane sun ɗauka tasa ce.

Ƙasarmu ta tanadi hanya. Dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993 ita ce ta kawo kwamitocin ƙasa da ake kira Kofo, daga na ƙauye, wanda mai gari ke shugabanta, zuwa na komin da na dapartama. A gabansu ake rubuta takardar shaidar sayarwa, da shaidu, da maƙwabtan gona na gabas da yamma da kudu da arewa. Takardar da aka rubuta a shagon dillali da sa hannun mutum biyu ba ta kai wannan ba. In filin yana cikin lotisma ne, wato yankin da aka yayyanka fuloti-fuloti don gina gidaje, takardar mallaka daga ma'aikatar magajin gari take fitowa, kuma ka je da ƙafarka a buɗe rajista a ga sunan wa ke kan lambar, don fili ɗaya a sayar wa mutum biyu ba sabon abu ba ne. Daga baya, in hali ya yi, ka nemi babbar takardar mallaka ta ofishin kadastir, ita ce ta fi kowace ƙarfi.

Akwai abu biyu da za ka tambayi Kofo da bakinka. Na farko, filin bai ci burtali ko makiyaya ba? Dokar kiwo ta 2010 ta kare hanyoyin dabbobi, na jama'a ne, ba mai ikon sayar maka da su, kuma abin kunya ne mai son doki ya zama shi ya toshe wa makiyayi hanya. Na biyu, me aka tsara wa wannan yankin nan gaba? Maraɗi na faɗaɗa da sauri, inda ake noman gero jiya yau unguwa ce. Ga kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya, mai tsawon kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, ya sa idon masu sayen fili ya buɗe. In lotisma ta iso ka, darajar filin za ta hau, amma hanyar da kake fita da doki za ta zama layin gidaje, kuma sababbin maƙwabta ba za su yi haƙuri da warin muri ba. Saboda haka ka kafa murin da wurin tara kashi nesa da iyaka, ta inda iska ba za ta kai wa mutane ba. Kashin ma ba shara ba ne, masu lambun zogale da albasa na nemansa, sai ka shirya da wani mai amalanke ya riƙa kwashewa duk mako.

Ranar da aka gama ciniki, kada ka ce sai ka tara kuɗin katanga. Ka kira ma'aunin fili ya auna, a kafa duwatsun iyaka a gaban mai gari da maƙwabta, a ɗauki hoto. Ka dasa shinge ko da na ƙaya ne. Ginin farko kuma ya zama ɗakin yaron doki, kusa da turke yadda zai ji motsi da dare, don ciwon ciki yakan tashi a kowane lokaci, kuma lambar likitan dabbobi ta kasance a wayarsa tun kafin a kawo dokin.