Daga ina ƙashi da ɓawo suka faro?

An rubuto wannan ne daga faifan laccar da aka yi wa ɗalibai a Garwa.

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa ɗalibai, ku dubi hannuna. Katantanwa ce na tsinto jiya a bakin Binuwai. Bari in matsa mata lemon tsami. Na layin gaba, kun ga tana kumfa? Sinadarin jikinta shi ne na dutsen da ake haƙa a Figil ana yin siminti, wato kalsiyam kabonet. Dabba ce mai laushi ta tara shi daga ruwa da abincinta, ta gina wa kanta ɗaki. Tambayarmu ta yau: yaushe halittu suka fara wannan gini?

Kun san ƙoƙon kan Tumai, wata tsohuwar halitta da ake ɗauka dangin ɗan Adam ce, da aka tono a hamadar Jurab ta Chadi a 2001. Shekarunsa wajen miliyan 7, amma a wannan lissafi ɗan jiya ne. Mu za mu koma baya shekara miliyan 550, lokacin da kusan duk abin da ke teku lagwai-lagwai yake.

A 1972 wani masani, Gerard Germs, ya bayyana wata halitta daga duwatsun Namibiya, ya sa mata suna Cloudina. Ɗan bututu ne da bai kai kaurin fensir ba, kamar an jera ƙananan mazurarai ɗaya cikin ɗaya. Abin da ya fi taɓa ni ya zo ne a 1992, da Stefan Bengtson da Yue Zhao suka duba irinta daga ƙasar Sin, suka ga ƙananan huji zagayayyu a jikin wasu bututan. Wani abu ne ya huda su don ya cinye mai ɗakin. Shi ya sa ni na fi karkata ga cewa farauta ce ta haifi ɓawo, ko da yake ƙaruwar kalsiyam da iskar oksijin a teku su ma sun taimaka.

Da zamanin Kambiriyan ya kama, wajen shekara miliyan 539 da suka wuce, abin ya bazu. Wasu suka ɗauki kabonet, wasu fosfet irin na ƙashinku da haƙoranku, soson teku kuma ya ƙera tsinkaye na silika, sinadarin da ke cikin yashi. Yawancin burbushin wancan lokaci ƙanana ne kamar ƙwayar gero, sai an jiƙa dutse a ruwan tsami mara ƙarfi kafin su fito. Tirilobayit, wasu halittun teku masu sulke da ƙafafu da yawa, sun biyo baya, wajen miliyan 521.

Ku miƙa katantanwar ta zagaya, na baya ma su taɓa.