Yadda kiɗa ke komawa launi: a ɗakin wata mai zane a Munich

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ma daga Munich nake, a kudancin Jamus. Wata baiwar Allah mai zane ce ta yarda in shigo ɗakin aikinta da kyamara, bisa sharaɗin kada fuskarta ta fito. To hannuwa da fenti kawai za ku gani.

A zanenta babu mutum, babu bishiya, babu gida. Launi ne da layi da ɗigo, kuma daga kiɗa take ɗauko su.

Ga ƙyallen nan shimfiɗe a ƙasa, ya fi ni tsawo. Tun jiya ta shafe shi da farin fenti na share fage, don kada zaren ya shanye launin. Kiɗa ɗaya tak ta zaɓa, na fiyano zalla. Ta ce da zarar akwai muryar mawaƙi sai hankalinta ya tafi wajen ma'anar kalmomi, hannu ya tsaya. A saurare na farko ba ta taɓa komai, tana tsaye kawai. A na biyu ta ɗauki gawayi. Bari in matso ku ga hannun. Inda kiɗan ya yi sauri, gajerun layuka ne a cunkushe. Inda ya lafa, sai ta ja layi ɗaya daga wannan gefe har wancan. Bayan gawayi sai fenti, irin mai saurin bushewa, domin ta ɗora wani launi a kan wani ba tare da sun cakuɗe sun zama laka ba.

Kafin wani ya ce ai wannan ko yaro zai yi, ku tsaya. Wannan hanya tana da tarihi, kuma wani babban ɓangarensa a wannan birni ya faru. Wassily Kandinsky, ɗan Rasha da aka haifa a Mosko a 1866, lauya ya karanta. Sai da ya kai shekara 30 ya ajiye wannan ya taho Munich koyon zane. A watan Janairun 1911 ya halarci wani taron kiɗa na Arnold Schoenberg, mai tsara kiɗa ɗan ƙasar Austria, a nan Munich, kiɗan da ya saɓa wa ƙa'idojin da kunnen Turawa ya saba da su. Ya koma gida ya zana abin da ya sa wa suna Impression III. Yana rataye a gidan adana zane na Lenbachhaus, na je na gan shi da idona. Akwai wani baƙin dunƙule, fiyanon ke nan. Masu sauraro sun zama 'yan tabo-tabo masu karkata zuwa gare shi. Sannan rawaya, ta kwararo ta cinye kusan rabin zanen. Kandinsky ya yi imani kowane launi yana da sauti: rawaya mai kaifi kamar busar ƙaho, shuɗi mai haske kamar sarewa.

Na tambayi mai ɗakin nan ko ita ma haka take ji. Dariya ta yi. Akwai mutanen da ƙwaƙwalwarsu ke haɗa ji da gani, su ji sauti su ga launi, amma ta ce ita ba ta cikinsu. Motsin kiɗan take bi, da nauyinsa, da inda yake yankewa.

Yauwa, ga wurin da na fi so ku gani. Ta kashe kiɗan. Ta jingina ƙyallen a bango, ta ja da baya, ta juya shi sama ta koma ƙasa, ta sake dubawa. A ganina nan ne aikin yake. Kiɗa ya tayar da hannu, amma ido ne ke yanke hukunci: wannan kusurwa ta yi nauyi, wancan ja yana faɗa da kore. Kun ga wancan shuɗin da ya fi komai kyau? Ga shi tana binne shi da fari. Wallahi har raina ya sosu. Ta ce yana janye ido daga sauran zanen, don haka dole ya tafi.

Shi ma Kandinsky ba a guje yake aiki ba. Babban zanensa na 1913, Composition VII, wanda ke gidan adana zane na Tretyakov a Mosko, sai da ya yi masa zanen gwaji sama da 30 kafin ya fuskanci babban ƙyallen, sannan ya gama shi cikin 'yan kwanaki. Abokiyar zamansa Gabriele Münter, ita ma mai zane ce, ta riƙa ɗaukar hoton aikin yana tafiya. Ita ce kuma ta ɓoye zane-zanensa a gidanta da ke garin Murnau lokacin da 'yan Nazi ke kwashe irinsu daga gidajen kallo, ta miƙa su ga Lenbachhaus a 1957.

Wannan na gabanmu sai ya bushe kafin ta ɗora wani shafi, kuma ta ce da kiɗa daban za ta yi shi. Zan dawo in ɗauko muku. Sai mun haɗu.