Amsoshin tambayoyinku: me yasa dawowa daga New York tafi zuwa sauri?

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Wani mai sauraronmu ne ya rubuto mana yace ya duba tikitin jirgi daga Landan zuwa New York yaga an sa wajen awa 8, amma na dawowa awa 7 kacal, shine yake tambaya wai hanyar ce take canzawa ko kuwa juyawar duniya ce ke jawo haka?

To malam nisan dai yana nan yadda yake, daga filin jirgin Heathrow na Landan zuwa na JFK da ke New York kilomita 5,500 ne da 'yan kai, ko ta wane ɓangare ka auna. Kuma ba wai ƙasa ce take zamewa a ƙarƙashin jirgin ba, don iskar da jirgin ke cikinta ita ma tare take juyawa da duniya. Maganar duk ta iska ce. Can sama inda jirage ke bi, wajen kilomita 10 daga ƙasa, akwai wata iska mai ƙarfin gaske da take kwarara kamar kogi daga yamma zuwa gabas, lokacin sanyi gudunta yakan wuce kilomita 200 a awa ɗaya. Jirgin fasinja kuma gudunsa kamar 900 ne a awa, to kaga mai dawowa Landan iskar nan tana bayansa tana ingiza shi, mai zuwa New York kuwa gaba da gaba suke da ita, shi yasa ma direbobin jirgi suke kauce mata a zuwa, su nemi tsakiyarta a dawowa. In ka taɓa kallon ɗan allon nan na bayan kujera zakaga gudun ya haura 1,000 a hanyar gabas alhali inji bai ƙara komai ba.

Wallahi abin yana burge ni. A watan Fabrairun 2020 lokacin guguwar Ciara, wani Boeing 747 na British Airways ya taso daga New York ya sauka Landan cikin awa 4 da minti 56, tafiyar da ta saba cin sama da awa 6 a sama.

In kuma kaga a taswira jirgin ya lanƙwasa ta arewa wajen Kanada kar kace zagaye yake, duniya ƙwallo ce, ka ɗauki zare ka miƙa shi a kan ƙwallon taswira tsakanin biranen biyu zakaga ta nan ɗin ne gajeriyar hanya.

Sai ka kula da agogo don nan ne mutane da yawa ke rikicewa, lokacin da ke jikin tikiti na garin da kake ne, kuma Landan tana gaban New York da awa 5. Ka tashi ƙarfe 10 na safe, kayi awa 8 a hanya, ka sauka agogon can yana nuna ƙarfe 1 na rana.