A Auna Baturan da Aka Tattara, a Daina Ƙirga Fastoci

Jama'a masu sauraro, duk lokacin da aka kammala gangamin wayar da kai a kan mayar da tsofaffin batura domin a sake sarrafa su, rahoton da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne: an manna fastoci kaza, an yi sanarwa a rediyo sau kaza, mutum kaza sun gani a intanet. To, batura nawa aka tattara? Da an yi wannan tambaya sai a fara kame-kame, kuma gaskiya abin ya isa haka.

Ai an shirya gangamin ne saboda wasu batura na ɗauke da dalma ko kadmiyam masu gurɓata ƙasa da ruwa, sannan batirin litiyam da aka jefa a shara yana iya kamawa da wuta idan motar kwasar shara ta matse shi. Mutumin da ya ji sanarwa sau goma amma ya bar matattun baturansa a cikin durowa, ko ya watsa su a bola, bai rage wannan haɗari ko kaɗan ba.

Ma'aunin kuwa akwai shi. Dokar Tarayyar Turai ta 2006 ta wajabta wa ƙasashenta tattara kashi 25 cikin 100 na ƙananan batura zuwa 2012, da kashi 45 zuwa 2016, sabuwar dokar 2023 kuma ta ɗaga shi zuwa kashi 63 a ƙarshen 2027 da kashi 73 a ƙarshen 2030. Ana ɗora abin da aka tattara a kan sikeli, a kwatanta nauyinsa da matsakaicin nauyin da aka sayar a shekara cikin shekara uku. Babu wurin adadin fastoci a wannan lissafi.

Masu shirya gangami za su ce sauya ɗabi'a yana ɗaukar lokaci. Mun ji, amma wannan hujja ce ta a ci gaba da awo shekara bayan shekara, kuma ba ta wanke wanda bai auna komai ba tun farko.

Shi ma awon nauyi yana da rauninsa, domin batirin waya ko na kwamfuta yakan wuce shekara uku yana aiki, saboda haka kwatanta shi da cinikin kwanan nan yana iya rage wa gangami makin da ya cancanta. Maganin wannan shi ne ƙarin awo. A auna akwatunan tattarawa kafin gangami da bayansa, a kwatanta yankin da aka yi gangamin da wanda ba a yi ba, a kuma zazzage buhunan sharar gidaje a ƙirga baturan da har yanzu ke ciki. Duk hukumar da ta kashe kuɗin jama'a a kan irin wannan gangami, wajibi ne ta buga waɗannan alƙaluma kafin a sake ba ta ko sisi.