Agogon Ƙirga Taku: Abin da Ya Sani da Abin da Yake Kintace

Assalamu alaikum. Na baya, kuna jina? To, madalla. Abubuwa huɗu zan taɓo a kan wannan ɗan agogon roba da ake ɗaurawa a wuyan hannu, biyu na yabo, biyu na gyara. Duk mai sanye da shi ya ɗaga hannu mu gani. Kai, ashe kuna da yawa.

Na farko, ƙirga taku. A cikinsa akwai wata 'yar mitsitsiyar na'ura mai jin motsi ta fuska uku: sama da ƙasa, gaba da baya, dama da hagu. Ba ƙafarka take gani ba, lilon hannunka take ji. Shi ya sa in kana tura keken jariri, hannu a kafe, sai ta cuce ka, ka yi tafiya ba a rubuta ba. Mai yawan wurga hannu in yana magana kuwa, yana zaune ake tara masa taku. Ga wani can yana dariya, ya san kansa. Duk da haka, a tafiya ta yau da kullum ƙirgarsa ba ta da laifi, kuma ni wannan ne babban alherinsa. Yawancinmu muna zaton muna motsi. Sai ka duba da yamma ka ga 2,000, wuni guda cur. Wannan ganin kaɗai ya isa ya tayar da mutum daga kujera.

Amma ku tsaya, a nan nake so mu ɗan daɗe. Wa ya ce dole sai taku 10,000? Wane likita ne ya yanke? Ba daga asibiti lambar ta fito ba, jama'a. A 1965, shekara guda bayan gasar Olamfik ta Tokiyo, wani kamfanin Japan mai suna Yamasa ya fitar da na'urar ƙirga taku, ya raɗa mata sunan da ke nufin ma'aunin taku dubu goma. Talla ce. Lamba ce mai daɗin faɗa, mai sauƙin riƙewa, sai duniya ta ɗauka kamar doka. Ku sake ji, talla ce.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne abin da lambar ke yi wa masu rauni. Dattijuwa mai ciwon gwiwa ta daure ta yi taku 5,000, ta duba hannunta, agogo ya nuna mata rabi kawai ta yi. Gobe sai ta ce to me ya yi zafi, ta zauna. Alhali ta yi aikin da ya kamata a tafa mata. A 2019 Farfesa I-Min Lee ta jami'ar Harvard da abokan aikinta sun wallafa bincike a kan tsofaffin mata kusan 17,000 a Amurka, matsakaicin shekarunsu 72. Masu yin wajen taku 4,400 a rana, mace-mace a cikinsu bai kai na masu yin 2,700 ba. Amfanin ya yi ta ƙaruwa har wajen 7,500, daga nan ya daidaita. Ban ce matashi ya tsaya a nan ba, binciken na tsofaffin mata ne, kada wani ya fita ya ce malam ya ba shi izinin kwanciya. Abin da nake cewa, ka shiga manhajar agogon ka sauya lambar da hannunka. In 3,000 kake yi, sa 4,000. In ka saba, ƙara. Hukumar Lafiya ta Duniya ma da minti take magana, aƙalla 150 a mako na motsi matsakaici, irin tafiyar da za ka iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba.

Na biyu… ko na uku muke? Bari dai, bugun zuciya. Ku juya agogon, za ku ga koren haske yana ƙyaftawa. Jini yana shanye koren haske, to duk bugun da ya turo jini wuyan hannu, hasken da ke dawowa sai ya ragu, da haka yake ƙirgawa. In ya yi sako-sako, ko akwai zanen tawada a fatar wurin, sai ya rikice. A 2017 masu bincike a jami'ar Stanford sun gwada iri bakwai a jikin mutum 60. A bugun zuciya, shida kuskurensu bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Amma a kalorin da jiki ya ƙona, wanda ya fi iyawa ya kauce da kashi 27, na ƙarshe da kashi 93. Don Allah kada ka ƙara loma saboda agogo ya ce ka ƙona kaza.

Barci ma kintace ne, in ka kwanta shiru ido biyu yana iya rubuta maka barci. Sai bayananka, inda suke tafiya. A 2018 taswirar Strava, manhajar da ke nuna hanyoyin da masu motsa jiki suka bi, ta tona wuraren sansanonin soja, saboda sojoji na gudu ba tare da sun kashe na'urorinsu ba. Ku duba wa kuka ba izinin ganin hanyarku. Lokaci na… na'am, Hajiya?

Ga waɗanda ba su ji ba, tana tambaya ne ko wanda ake tallatawa cewa yana auna sukarin jini zai yi wa mai ciwon suga. Hajiya, a'a. A Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi ƙarara: ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke ikirarin auna sukari ba tare da huda fata ba. Hatsarin a fili yake, lamba ta yi ƙarya, mutum ya yi allurar insulin a kanta, sukari ya faɗi warwas. Wa ke da ciwon, ke ce ko maigida? To, ya ci gaba da huda yatsa yana gwada sukari yadda likitansa ya tsara masa. Agogon ya bar shi a kan taku, tafiya bayan cin abinci tana taimaka wa mai suga ƙwarai. In an tashi ki same ni in nuna miki inda ake sauya lambar.