Kazarki na girgiza kai? Ki leƙa kunnenta

Assalamu alaikum, iyaye mata da 'yan uwa masu kiwon kaji a tsakar gida, daga nan Maiwurno har Sinnar, Gadarif da Kasala. Ku dubi wannan jar kazar da kyau. Tun safe take girgiza kai, ta ɗaga ƙafa ta sosa gefen fuska, ta ɗan tsinci dawa, ta koma susa. Wani zai ce ƙwarƙwata ce. A'a, kunne ne ke damunta.

Da yawa ba su ma san inda kunnen kaza yake ba. Ga shi nan, bayan ido, ƙasa kaɗan: wani ɗan rami ne da ƙananan gashi suka rufe. Ki sa yatsa ki ɗaga gashin a hankali. A lafiyayyar kaza ramin a bushe yake, tsaf. Amma dubi na wannan: gashin ya manne, gefen ya kumbura, ga wani abu rawaya ya toshe bakin ramin, har da ɗoyi. Mugunya ce. Mugunyar tsuntsu ba ta gudana kamar ta mutum, daskarewa take yi kamar busasshiyar awara, shi ya sa ba ta fitowa da kanta.

Yawanci daga mura ake farawa. Akwai 'yar hanya da ta haɗa maƙogwaro da tsakiyar kunne, ta nan ƙwayoyin cuta irin su E. coli da Pasteurella suke haurawa. Mu kuwa a nan Sudan ƙurar habub kaɗai ta isa ta raunana numfashin kaza. Damina ta zo, akurki ya jiƙe, kashin kaji ya taru, warinsa na yaji ido. Ga cizon ƙwarƙwata da ke sa ta karce wurin da farce.

Kafin ki taɓa komai, ki tsaya ki ƙirga. Kaza ɗaya ce, ko suna da yawa? In kin ga biyar ko goma sun yi laushi lokaci guda, ga koren zawo, ga murɗewar wuya, ana kwana ana tashi da mushe, to ba kunne ba ne, alamun cutar Niyukasil ke nan. Ita ba ta jin magani, rigakafi ne kawai ke tare ta. Ki nemi likitan dabbobi a ranar.

In kuwa ita kaɗai ce, tana ci tana sha, ki ware ta, ki kife ta da kwando a inuwa. Ki tafasa ruwa lita 1, ki zuba gishiri giram 9, wato ƙaramin cokali ɗaya da rabi, ki bari ya huce ya zama ɗumi-ɗumi. Ki naɗe kazar da zane don kada ta yi fiffike. Ki tsoma auduga, ki ɗora a kan kunnen kamar minti biyar, har busasshen abin ya jiƙa. Sai ki goge abin da ya fito baki, waje kawai. Safe da yamma, kowane karo da sabuwar auduga.

Ina roƙonku don Allah, kada a tura tsinke ko ashana a ramin nan. Kada a ɗura kananzir ko baƙin mai. Ni kaina na taɓa yin wannan kuskure: wata farar dakwalwa da nake ji da ita, na ɗumama man riɗi na tsiyaya mata, ina ganin taimako nake yi. Washegari ta kasa tsayawa, sai juyi take a wuri ɗaya. Kwana uku ta yi, ta mutu. Har yau abin na cina. Ko maganin ɗigon kunne na mutane kada a ɗauko da ka, domin masu gentamicin ko neomycin suna iya kurmantar da ita in dodon kunnen ya riga ya fashe.

Can cikin kunne ne ke riƙe daidaiton tsayuwar kaza. Saboda haka da zarar kin ga ta karkata kai gefe guda, tana tangaɗi, tana saran tsaba tana kuskurewa, ciwon ya yi nisa, ruwan gishiri ba zai kai can ba. Likita ne zai zaɓa mata magani, irin su amoxicillin ko oxytetracycline, gwargwadon nauyinta. A cika kwanakin ko da ta warware, kuma ki tambaye shi tsawon lokacin da za a ƙaurace wa ƙwanta da namanta.

Sauran aikin na akurki ne. A share, a zuba busasshen yashi, a buɗe wa iska hanya, a ajiye musu toka su yi birgima. Farar dawa zalla ba ta da isasshen bitamin A, wanda ke ƙarfafa fatar cikin hanci da maƙogwaro, don haka a riƙa jefa musu ganyen zogale ko barsim, ciyawar nan da ake shuka wa dabbobi. Wadda aka sayo daga kasuwa kuma ta yi mako biyu ita kaɗai kafin a haɗa ta da na gida.