Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya a Wajen Buɗe Horon Bincike na Matasan Masana Fiziks na Sashen Gashin Cutar Daji

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Kwamishinan Lafiya, shugabannin wannan asibiti, iyayenmu malaman jami'a, likitoci, ma'aikatan jinya da sauran mahalarta.

Ranka ya daɗe, a madadin ma'aikatan wannan sashe ina yi maka lale marhabin, tare da godiya bisa yadda ka ajiye ɗimbin ayyukan ofis ka taso takanas domin waɗannan matasa, waɗanda majinyata da yawa ba su ma san da zamansu ba.

Kusan rabin masu fama da cutar daji suna buƙatar gashi, wato kashe ƙwayoyin ƙari da wani haske mai ƙarfi da na'ura ke fitarwa, a wani mataki na jinyarsu. Likita ne ke yanke adadin hasken da za a aika wa ƙari, amma masanin fiziks ne ke tabbatar da cewa abin da na'ura ta fitar ya yi daidai da abin da likita ya rubuta, kuma ƙa'idar duniya ita ce kada bambancin ya wuce kashi 5 cikin 100. In hasken ya gaza, ƙarin ya farfaɗo. In ya zarce, a ƙona lafiyayyen nama.

Da ka riske mu da sanyin safiya, kafin a kira majinyaci na farko, da ka tarar da ɗaya daga cikinsu sunkuye a kan tankin ruwa, wanda ke tsayawa a madadin jikin majinyaci wajen awo, ya nutsar da ma'aunin haske zuwa zurfin santimita 10, yana rubuta zafin ɗaki da nauyin iska, domin iskar da ke cikin ma'aunin tana sauyawa da yanayi, karatunsa ma ya sauya. Inda ake amfani da kobalt-60 kuma, wato sinadarin da ke fitar da hasken gashi a wasu na'urori, sai ya riƙa gyara lokacin gashi a kai a kai, tunda ƙarfin sinadarin yana raguwa da kimanin kashi 1 cikin 100 kowane wata. Shekara da shekaru suna cika littattafai da irin waɗannan alƙaluma, sannan a jera su a kabad. Wannan shi ne abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, domin a cikin shafukan nan akwai amsoshin tambayoyin da babu wanda zai yi mana su daga Turai: yaya na'ura take a ƙurar hunturu, yaya take a zafin bazara da laimar damina, kuma me yawan ɗaukewar wutar lantarki ke yi wa daidaitonta?

Horon da za ka buɗe yau zai koya musu yadda ake fitar da tambaya guda mai ma'ana daga aikin yau da kullum, yadda ake ƙididdige kuskuren awo, yadda ake neman amincewar kwamitin ɗa'ar bincike kafin a taɓa bayanan majinyaci, da yadda ake rubuta maƙalar da za ta tsallake tantancewar masana. Ƙofofi suna nan a buɗe ga wanda ya ƙware. Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya da ke Biyana tana tantance awon asibitoci ta hanyar gidan waya tun 1969, ta kuma ƙaddamar da shirin Rays of Hope na faɗaɗa jinyar cutar daji a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi a 2022, sannan cibiyar da Farfesa Abdus Salam ya kafa a Tiriyeste ta ƙasar Italiya a 1964 tana horar da masana fiziks na asibiti daga ƙasashe masu tasowa.

Ranka ya daɗe, roƙonmu bai taka kara ya karya ba. Muna neman a ware wa kowane matashi yini guda a mako domin bincike, a haɗa shi da gogaggen malami da zai riƙa duba aikinsa, a kuma sanya kuɗin aika ma'aunanmu ɗakin gwaji don sabunta daidaitonsu cikin kasafin shekara.

Allah ya saka da alheri, ya mayar da kai gida lafiya. Bayan ka buɗe taron, muna gayyatarka ɗakin na'ura, inda matasan suka riga suka cika tankin ruwa domin su nuna maka awon da idonka.